Layi Biyun da Aka Share wa Bushra

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin ƙungiyar manoman masara da ke bayan tashar Malumfashi ya san Bushra Zainulabidin, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau da ke zama a kusurwa, kwamfuta a gabanta, wayoyin mutane jibge a gefe sai ka ce sayarwa take yi. Manoma suna ce mata Malama, direbobin tasha suna ce mata Injiniya, ita kuwa in tana cikin aiki ko ɗaya ba ta amsawa. Ba ta da yawan fara'a, wannan kam gaskiya ne, ba a ɓoye shi. Amma daga Kafur har Dandume, a nemo mini wanda aka yi wa rainin wayo irin wanda aka yi mata a daminar bara. Babu. Abin takaicin kuma, ba a kanta abin ya ƙare ba, a kan gwaggonta ya ƙare.

Ɗiyar tela ce. Mahaifinta, Malam Zainulabidin, ya yi shekara talatin yana taka keken ɗinki a wata rumfa kusa da kasuwa, kuma da idonsa ya fara rauni, Bushra ce ke karanta masa littafin awo. Wani tsohon littafi ne mai baƙin bango, kowane layi suna a hagu, awo a dama: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya. Ummaru kaɗai sun kai bakwai a ciki, don haka kowa da laƙabinsa. Wata shekara ana gab da ƙaramar Sallah, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ruwa ya ɗiga ta rufin rumfar ya goge awon Ummaru Dogo. Tsoron faɗa ya hana ta gaya wa mahaifinta. Ta dubi sunan, ta ce ai Dogo dogo ne, ta ƙirƙiro awo daga kanta ta karanta masa. Ashe Ummaru Dogo gajere ne ƙwarai, abokan wasansa ne suka laƙaba masa sunan don tsokana har ya bi shi. Ranar da ya zo gwaji, riga ta share ƙasa, hannuwanta suka wuce yatsunsa, duk layin teloli aka fito ana dariya. Malam Zainulabidin bai doke ta ba. Bayan mutane sun watse ya ce mata, "Ɗiyata, sunan mutum abin da ake kiransa ne kawai. In za a yanka yadi, jikin ake aunawa." Ta sha kuka ranar, kuma ba ta sake zaton awon kowa ba.

Ta gama sakandare, jami'a ba ta samu ba, sai ta shiga wani shagon buga takardu tana yi wa mutane takardar neman aiki da katin biki. A nan ta fara leƙa abin da ke bayan allon kwamfuta, tana bin darussan kyauta a waya, tana kwafe rubutun manhaja a bayan takardun da suka lalace. Ta auri Talha, malamin firamare, mutum mai haƙuri wanda ya saba cin tuwon da ya ɗan kama saboda matarsa ta tsaya gyara layi ɗaya. Suka haifi biyu. Da ƙungiyar manoma ta nemi wanda zai riƙa shigar da sunayen mambobi a kwamfuta, sai aka ɗauke ta. Wata shida ba a yi ba ta gaji da sunaye, ta fara neman abin da ya fi su amfani.

Abin kuwa yana gabanta kullum. Manoman yankin nan ba su san maganin feshi da sunan da ke jikin kwalba ba, don rubutun ƙanana ne ƙwarai, da Turanci, wani ma ba Turancin ba ne. Da launin murfi suke saninsa: mai jan murfi na tsutsa, mai koren murfi na ciyawa. Haka ake faɗa a kasuwa, haka ake saye. To kamfanoni ba su yi wa kowa alkawarin murfi ba. Bana ja na tsutsa ne, baɗi wani ya kawo nasa jan da ke kashe duk abin da ya taɓa. Malamin gona ɗaya ne ga ƙauyuka wajen talatin, mashin ɗinsa kuma ya fi zama wurin bakanike. Sai Bushra ta haɗa wata 'yar manhaja: ka nuna wa kyamarar waya kwalba, wayar ta buɗe baki da Hausa ta gaya maka wannan na mene ne, kuma murfi nawa ake zubawa a injin feshi. In ba ta gane kwalbar ba sai ta ce, "Ban san wannan ba, kada a fesa." Manoma suka sa mata suna Mai Baki.

Wadda ta fara gwada ta ita ce Gwaggo Ladidi, ƙanwar Malam Zainulabidin, da ke zaune ita kaɗai a wani ƙauye gaba da Kafur tun rasuwar mijinta. Gwaggo ba ta da ɗa a kusa, ba ta da shanu, ba ta da rumbu biyu. Abin da take da shi gayauna ce ta masara a bayan gida. Ita ce tuwonta na shekara, ita ce kuma ke hana ta miƙa wa kowa hannu, abin da ta fi ƙi a duniya. Ba ta yi boko ba, amma ta riƙe wayar nan da kyau, a ƙulle a bakin zane, kuma in Mai Baki ta yi magana sai ta amsa mata, "To, na ji," kamar maƙwabciya ce.

Yanzu sai a ɗan yi haƙuri, don a nan sana'ar Bushra take, kuma ba ta da wuya kamar yadda masu ita ke nunawa. Muryar da ke cikin Mai Baki ba Bushra ta ƙera ta ba. Akwai wani rumbu na kowa da kowa a intanet, inda masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke tara gutsattsarin manhaja kyauta, kowa ya ɗiba ya yi aikinsa. Sai dai wayoyi ba jiki ɗaya gare su ba, don haka kowane gutsure sai an ɗinka shi daidai da na'urar da za ta sa shi. Mai ɗinkin wata manhaja ce da ake kira kamfaila, ita ma kuma, kamar kowane tela, da littafin awo take aiki. Jadawali ne: a hagu sunan da na'ura ke kiran kanta, a dama awon da za a ɗinka mata. A wayoyi manyan awo biyu ne, na zamani mai sittin da huɗu, da na da mai talatin da biyu. A tambayi waya sunanta, ta faɗa, a duba jadawali, a ba ta rigarta.

Haka abin yake a inda sunan waya da jikinta suka zo ɗaya. Amma cikin wayoyin da ake saye a nan, masu araha, waɗanda ake saukewa kwali-kwali a Funtua, akwai wani iri da aka yi wa haɗin gambiza: ƙwaƙwalwar mai sittin da huɗu ce, amma duk sauran abin da aka zuba mata na talatin da biyu ne, don a rage tsada. In ka tambaye ta sai ta ce ita mai sittin da huɗu ce, kuma ba ƙarya take ba, kan ne ke amsawa. A ba ta babbar riga, jiki ya kasa ɗauka, manhaja ta mutu. Bushra ta gano haka shekara uku da suka wuce, bayan ta yi sati tana zirga-zirga zuwa shagon Abdussamad mai gyaran waya a Funtua, suna buɗe wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Abdussamad ne ya sa musu suna masu babban kai. Sai ta rubuta layi biyu a jadawalin nan da ke cewa: in waya ta ce sittin da huɗu, a leƙa jikinta tukuna, in na talatin da biyu ne a ba ta ƙaramar riga. Ta aika wa masu kula da rumbun, suka karɓa, wani ya rubuto mata godiya da kalma ɗaya tak. Kalma ɗayan nan ta buga ta a takarda ta manna a bangon ofis, matar da ko hoton bikinta ba ta taɓa mannawa ba.

Sai daminar bara. Shuka ta yi kyau, masara ta kai gwiwa, tsutsa ta sauka kamar yadda ta saba, sababbin kwalabe suka cika kasuwa. Bushra ta koya wa Mai Baki sababbin kwalaben, ta ɗauko sabon ƙunshin muryar manhajar daga rumbun, ta raba wa mutane. Kwana biyu ba a yi ba ofis ya cika. Kowa da wayarsa a hannu, kowa magana ɗaya: "Malama, ta yi shiru." A buɗe manhajar, allo ya yi fari, ta rufe kanta. Wayar Bushra kuwa, da ta shugaban ƙungiya, masu ɗan tsada, lafiya lau suke magana. Nan take ta gane wane iri ne suka yi shiru: masu babban kai.

Ta buɗe jadawalin. Layukanta biyu babu su. Wani daga cikin manyan masu kula da rumbun, mutumin da ba ta taɓa gani ba kuma ba za ta taɓa gani ba, ya zauna wata rana ya ga jadawalin ya yi masa tsawo, sai ya yi shara. Har ya bar bayani yana yabon kansa: wai ya cire layukan da suka maimaita juna da sunayen da babu mai amfani da su, yanzu jadawali ya yi tsaf. Tsaf! Kai jama'a. Wayoyi sama da dubu huɗu sun zama bebaye a tsakiyar damina don wani ya ga shafi ya yi masa kyau a ido. Bushra ta cire tabarau ɗinta ta ajiye, ta ja tsaki mai tsawo har shugaban ƙungiya ya leƙo daga ɗakinsa. Tun ranar ba ta sake kiran mutumin da sunansa ba, Mai Tsintsiya take ce masa.

Za ka ce ta mayar da layukan da kanta mana. Ai da ta yi tun kafin ka faɗa. Ƙunshin yana zuwa ne da hatimin masu rumbun, jadawalin kuma yana cikinsa. Ta taɓa harafi ɗaya, hatimi ya karye, waya ta ƙi karɓa. Tsohon ƙunshin kuma wa'adin hatiminsa ya ƙare, ba ya sake shiga wata waya, sai dai ya ci gaba da aiki a inda yake zaune tun da. Hanya ɗaya ce ta rage, Mai Tsintsiya ya mayar da abin da ya share.

Ta rubuta masa cikin ladabi, da Turancinta na shagon buga takardu, ta yi bayani dalla-dalla. Sai da aka yi kwana uku ya amsa, da layi ɗaya: in waya ta ce ita mai sittin da huɗu ce, to ita ce, in kuma ƙarya take a kai ƙara wurin wanda ya ƙera ta. Ka ji fa! Wurin wanda ya ƙera ta. Wayar da sunan kamfanin da ke bayanta yau wannan gobe wancan, wadda Abdussamad da ke wuni cikin hanjinta ma bai san garin da ake yin ta ba. Bushra ta shimfiɗa tabarma a tsakar ofis, ta jera wayoyi arba'in da ɗaya na mutanen da ke tsaye a wurin, ta ɗauki hoto ta aika. Amsa ta zo: hoton ya burge shi, amma injinsu ya nuna a duk shekarar da ta wuce sau uku kacal aka ɗauko ƙunshi don irin wannan waya a faɗin duniya, kuma ba za su riƙe layi don mutum uku ba.

Sau ukun nan duk Bushra ce. Wa zai ƙona data yana ɗauko abin da maƙwabcinsa ke da shi? A nan mutum ɗaya ke saukewa, saura a tura musu waya zuwa waya: a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a rumfar mai shayi, a bayan a-kori-kura ana hanyar Danja, a gidan suna mata na tura wa juna kafin a sauke tukunya. Haka Mai Baki ta zagaya ƙananan hukumomi huɗu injin ƙirgar kowa bai sani ba. Wato taimakon junan da muke yi shi ne ya zama hujjar cewa ba mu nan! Ta rubuta masa haka, sai da ta goge zagi biyu kafin ta aika.

A nan ya ɗan sassauto. Ya ce ƙa'idarsu ita ce ba a ajiye suna a jadawali sai da na'urar gwaji ta gaske, a haɗe da injinansu ta intanet. Kuma yana son wadda tsohon ƙunshin ke aiki a kanta har yanzu, don ya gani da idonsa cewa da tana magana, shararsa ce ta rufe mata baki. Kwana uku sun isa, in ji shi. Bushra ta bi wayoyin da ke ofis kaf, duk an sabunta su. Sai ta tuna mutum ɗaya da ba ta shigo gari ba tun farkon damina.

Ta hau mashin da hantsi ta nufi ƙauyen. Ta tarar da Gwaggo Ladidi a gayauna, a sunkuye, tana buɗa tsakiyar masara da yatsa tana duba kashin tsutsa. Suka gaisa, aka tambayi Talha da yara, aka sha ruwa, sannan Bushra ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Gwaggo, aron wayarki na zo. Taki kaɗai ta rage mai magana."

"To su sauran me ya same su?"

"Wani ne a can wata ƙasa ya share sunansu daga littafi. Ya ce babu irinsu a duniya, sai ya gani."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Babu irinsu? To wannan da ke ƙuguna mece ce, tukunya?" Ta kwance bakin zanenta ta ciro wayar, amma ba ta miƙa ba tukuna. "Kwana nawa, ɗiyar nan? Kin ga tsutsa ta fara. Ranar kasuwa nake son in sayo magani, Manu mai feshi ya ce zai zo mini."

"Kwana uku, Gwaggo. Don Allah kada ki sayi komai sai na dawo da ita. Kwalaben bana sun canza."

"Uku dai?"

"Uku, in Allah ya yarda."

Gwaggo ta goge allon da gefen mayafinta ta miƙa mata.

Bushra ta maƙala wayar a jikin batirin sola na ofis, ta haɗa ta da injinan gwajin, ta sanar da su. Gwaji ya fito kamar yadda ta faɗa tun farko: in layukan nan biyu na nan waya na magana, in babu su sai shiru. Abin da ya rage kawai Mai Tsintsiya ya danna amincewa. Rana ta uku ta rubuta masa. Amsar da ta dawo ba shi ya rubuta ba, injinsa ne: ya tafi hutu bakin teku da iyalinsa, sai bayan sati biyu. Innalillahi! Ta bi sauran masu kula da rumbun ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce jadawali ba ɓangarensa ba ne, wancan ya ce ba ya son shiga gonar abokin aikinsa, wata ta aiko da hoton 'yar zuciya ta ce tana tare da su a rai. Duk kuma suka gargaɗe ta kada ta cire wayar, don in ta yanke gwajin ya rushe, sai an sake daga farko in ya dawo.

Hutu ba laifi ba ne, kowa na gajiya, kuma mutumin nan ba biyansa ake yi ba, Bushra ma ta san haka. Amma fisabilillahi, in ka san tafiya za ka yi, me ya kai ka share abin da ba ka san amfaninsa ba, sannan ka kulle ɗakin ka jefa makulli a aljihu?

Tsutsa dai ba ta tafi hutu ba. Ofis ya koma wurin duba kwalabe. Manoma na zuwa da su a buhu, a aljihu, a kwandon mashin, Bushra na karanta musu da idonta ɗaya bayan ɗaya tun safe har la'asar, har muryarta ta dushe. Ta so ta kira Gwaggo ta ce ta ƙara haƙuri, ta nemo lambar ta danna, sai ga wayar Gwaggo na ƙara a kan batirin sola a gabanta. Ta aika saƙo ta bakin wani direban Kafur. Ruwa ya cinye kwalbatin hanyar ƙauyen, direban ya juyo bai isa ba, bai kuma gaya mata ba. Ta ce za ta je da kanta ranar Juma'a, Juma'a ta zo da mutum sittin a ƙofa. Ta ce Lahadi. A nan kam, a faɗi gaskiya, da laifinta. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, daga kwalbatin ko da ƙafa a ƙarasa, kuma ta san halin Gwaggo, ba za ta taɓa aiko a tambaya ba don kada a ce ta matsa. Har yau wannan ne abin da Bushra ba ta yafe wa kanta ba.

Rana ta goma sha bakwai Mai Tsintsiya ya dawo. Bai ɗauki minti biyu ba ya danna amincewa. Ya rubuta cewa abin sha'awa ne, bai taɓa sanin akwai irin waɗannan wayoyi ba, ya liƙa hoton fuska mai murmushi. Haƙuri kuwa ko na baki bai bayar ba. Ya ƙara da sharaɗi: layukan za su zauna muddin wayar gwajin na haɗe, in ta yi kwana bakwai a kashe injin zai share su da kansa, musanya ta da wata kuma sai an sake neman izini daga farko. Kafin azahar sabon ƙunshi ya fito. Bushra ta sauke, ta tura wa na kusa, na kusa suka tura wa na gaba, wayoyi suka fara magana a ƙofar ofis gaba ɗaya, wani tsoho har da kabbara. Ita ko tsayawa amsa godiya ba ta yi ba, ta tari mashin.

Tun daga nesa ta ga launin. Gonakin da ke kewaye kore shar, gayaunar Gwaggo kuwa ta ƙone kamar an bi ta da wuta, ganye ya lanƙwashe ya bushe, wasu karan sun kwanta. Ba aikin tsutsa ba ne wannan, kowa ya gani ya sani. Ta diro daga mashin tun bai gama tsayawa ba.

Gwaggo na tsakiyar gonar da fartanya, tana tumɓuke matattun karan tana tarawa a gefe. Ta ɗago ta ga Bushra ta ce, "Maraba, ɗiyar nan. Ya hanya? An gyara kwalbatin?"

Bushra ta nuna karan da aka tara. "Gwaggo, me kika fesa?"

"Mai jan murfi, irin na bara." Ba ta ɗaga murya ba. "Na jira kasuwa ɗaya ta wuce, ta biyu ta zo, tsutsa ta kai zuciyar masara. Na ce in na ƙara jira babu abin da zan tarar. Mai shagon ya rantse shi ne. Manu ma ya jujjuya kwalbar ya ce shi ne. Kwana biyu da feshi na fito na ga ganye ya fara sakewa."

Ta nuna kwalbar da ke jingine a gindin bishiyar bedi. Bushra ta ɗauka ta karanta. Maganin ciyawa ne, mai kashe duk wani kore da ya taɓa. Ko tsohuwar Mai Baki da ke cikin wayar Gwaggo, wadda ba ta san kwalaben bana ba, da ta hana ta fesawa.

Ta durƙusa a cikin kunyoyin gonar ta fashe da kuka, mace da 'ya'yanta biyu, tana cewa, "Ni na ce kwana uku. Ni na ɗauke miki ita." Gwaggo ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce ta tashi, ƙasa da laima, za ta ɓata kayanta.

"Bar wannan," in ji Gwaggo. "Shi mutumin, ya yarda muna nan?"

"Ya yarda."

"Ya mayar da mu littafin?"

"Ya mayar."

"Da wane suna?"

A irin sunayen nan na jadawali akwai gurbin da ake rubuta wanda ya ƙera na'ura, in kuma babu wanda ya damu ya sani, sai a cike gurbin da wata kalmar Turanci. Bushra ta buga kalmar nan sau ba adadi ba ta taɓa jin komai ba. Sai yau.

"Sun rubuta, ba a san su ba," in ji Bushra.

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Bayan duk wannan." Ta karkaɗe ƙasar hannunta. "To ina wayar tawa?"

Bushra ta gaya mata sharaɗin, cewa in aka cire wayar kwana bakwai za a sake share su. Sannan ta ce, "Amma gobe zan cire ta in kawo miki, Gwaggo. Su share ɗin. Wallahi na gaji da su."

"Ke dai ba ki da hankali," in ji Gwaggo, kuma a nan ne muryarta ta tashi. "Masarata ta tafi a banza ke nan? Mutanen Dandume ko feshi na biyu ba su yi ba. Ki bar musu ita a maƙale."

Ta shiga gida ta fito da ƙwarya, da ɗan irin wake a ciki. Lokacin masara ya wuce, wake kaɗai ƙasar za ta karɓa yanzu, kuma wake ba ya zama tuwon shekara. Su duka biyun sun san bana Gwaggo Ladidi daga hannun wasu za ta ci. Ta miƙa wa Bushra ƙwaryar ta ɗauki fartanyarta.

"Riƙe nan. Ni in sara, ke ki zuba, uku uku. Cire takalman nan tukuna."